Ƙafa ta Goma Sha Bakwai

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Kayan sun iso. 'Yata Auta ta aiko da su cikin kwalin takalmi, an ɗaure da tef kamar ana tsoron su gudu. Na buɗe na tarar da wani ɗan koren allo, bai cika tafin hannuna ba, wai kwamfuta ce sukutum. Sai madanni ɗaya mai faɗin murfin kwalba, jar fitila, 'yar ƙararrawa, da takarda da rubutun mijinta, Injiniya.

Ga yadda suka tsara. Madanni yana gefen gadon matata Malama a sama. Allo yana nan shago a ƙasa. In ta danna, fitila ta kama a gabana, ƙararrawa ta yi kuka, saƙo kuma ya tafi wayar Auta a can garin da take. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin maganar, sauran ado ne. Na ce mata batir ɗaya da waya biyu, cikin minti goma zan haɗa wa uwarki ƙararrawar da za ta tashi unguwa. Ta ce ita so take ta riƙa gani da idonta. Shekara talatin da biyar ina hawa falwaya ina haɗa layin tarho, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suna gaisawa ta hannuna, yau 'yar da na goya a wuya ce za ta ɗaukar mini mai gadi.

Ta ba ni zuwa Asabar ta uku. In abin bai yi aiki yadda hankalinta zai kwanta ba, za ta zo da mota ta tafi da uwarta. A hankali ta faɗa, da ladabi, har da don Allah Baba. Duk saboda ranar Talata.

Ba zan rubuta abin da ya faru waccan Talatar ba.

Talata, ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe

An gama. A gefen allon akwai ƙafafu arba'in, siraran ƙarafa a tsaye sahu biyu kamar haƙoran mataji. Injiniya ya yi mini karatu a waya, da irin muryar da ake lallashin mara lafiya. Wai wasu ƙafafun baki ne, su ke ba da umarni a kunna fitila. Wasu kunne ne, su ke sauraron madanni. Wasu kuma wuta kawai suke bayarwa. Na ce na gode, Allah ya ƙara ilimi.

Ya riga ya haɗa fitila da ƙararrawa da baƙar wayar ƙasa tun can. Ta madanni ce kaɗai ta zame a hanya, amma ya rubuta a takarda da manyan baƙaƙe: madanni, 17. Na nemo ƙafa ta farko, na ƙirga. Na sake ƙirgawa. Na ƙirga na uku da bakin allura. Duk wanda ya taɓa buɗe kebul mai waya ɗari biyu cikin ruwan sama ba a koya masa ƙirga.

Na ja waya ta bayan kantar shago, ta bi matakala, ta shiga ƙarƙashin ƙofa har gefen hannun Malama na dama, wanda yake motsi. Na sa mitar auna wuta a bakin madanni: uku da ɗigo uku. Na danna: sifiri. Daidai yadda takarda ta ce. Na sauko, matakala goma sha huɗu, na tarar da jar fitila tana ci. Auta ta kira, saƙo ya iso. Na ce mata to sai a bar maganar mota.

Malama ta juya madannin a hannunta ta ce, "Mai Waya, shekara hamsin ina kiranka da baki, ashe danna ka ya kamata in yi."

Rabin bakin ne ke aiki, amma kaifin yana nan cif.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Sau shida fitila ta kama. Sau shida na ajiye aiki na hau. Sau biyu barci take. Sau ɗaya tana sauraron rediyo. Sauran ta dube ni ta ce ba ta danna ba. Kowane sau kuma Auta ta bar masu sayen magani a tsaye a kantinsu ta kira ni, Baba lafiya? Lafiya lau. To me ya sa? Ki tambayi mijinki.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Sau tara. Gwiwar dama ta fara yi mini magana.

Juma'a, ƙarfe sha biyu na rana

Na yi abin da bai kamata ba. A hawa na huɗu na tsaya a bakin ƙofa ina haki na ce mata in wasa take so ta faɗa, in samo mata abokin wasa. Mace ta yi shekara talatin tana koyar da 'ya'yan mutane, ta san duk dabarar da yaro ke yi don a kula shi. Na faɗi wannan ma.

Ta ɗaga madannin, ta ajiye shi can ƙarshen gado inda na san hannunta ba ya kaiwa sai da wahala. Muna nan muna kallon juna, sai wayata ta girgiza a aljihu. Auta ce, wai saƙo ya sake shigowa yanzu.

Na mayar mata da madannin kusa. Ita kuwa ta bar ni da abina, wanda ya fi zagi zafi.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Saura mako biyu.

Wani mai rediyo ya dawo da kayansa, wai na gyara amma ƙarar ta yi yawa, ko a lamba biyu sai maƙwabta sun buga masa bango. Na kunna a gabansa. Ƙara daidai wa daida. Mutanen yanzu kunnensu ya lalace da abin da suke cusawa ciki, ga shi kuma sun daina buɗe baki in suna magana. Kowa gunguni, kowa cikin hanci. Sai ka ce me, su ɗaga murya kamar ka yi musu laifi.

Ƙararrawar Injiniya ma haka. Kukan sauro ya fi ta. Ba don fitila ba ai da ba ta da amfani.

Lahadi, ƙarfe ɗaya na rana

Sabuwar cuta. Akwai wata 'yar koriyar wuta a jikin allon da ke nuna yana da rai. Ina kwance fanka na ga ta ɗauke, ɗif. Bayan kusan minti guda ta dawo. Can an jima ta sake. Wato abin da aka ce shi zai tsare mini mata suma yake yi, ya farfaɗo, ya sake suma.

Na canja caja. Na sa tawa mai nauyi da na amince da ita. Bayan awa ɗaya ya sake suma, sau biyu a jere. Na sa mita a soket, wuta lafiya lau. Na sa a ƙafa ta goma sha bakwai, uku da ɗigo uku, ko gezau. Mita ba ta ƙarya. Kayan ne na banza, an yi su don a sayar ba don su yi aiki ba.

A tatsuniyoyin kakata, in baƙo ya ba ka kyauta a ƙunshe ya ce zai dawo ranar kaza, to ka tabbata ba kyautar ba ce ta kawo shi. Ina yaro nakan ji haushin mutumin da ya karɓa.

Litinin, ƙarfe huɗu da kwata na yamma

Injiniya ya kira. Ya yi gaisuwa doguwa, ya tambayi jikin Mama, ya tambayi gwiwata, wato an kai masa labarin gwiwa. Sannan ya ce ko zan ɗauki hoton allon in turo masa, don ya ga yadda wayoyin suka zauna. Na ce sun zauna lafiya, suna gaishe shi. Ya ce ba wai yana shakka ba ne. Na ce ai na sani, shi ya sa ba sai na turo ba.

Hoto. In ɗauki hoton aikina in aika wa yaron da ranar da ya zo neman aure ya kasa kunna fankar falona.

Talata, ƙarfe tara na safe

Talata ce. Mako uku ke nan. Mai jinya ta yi wa Malama wanka ta tafi. Ba wani abu.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Yau da rana fitila ba ta kama ko sau ɗaya ba. Na gyara fanka uku da dutsen guga, na ce to, ko allon ya gaji da iskanci. Sumansa dai ya yi ta yi wajen ƙarfe uku, koriyar wutar na ɗaukewa tana dawowa, har na juya masa baya don kada in jefa shi titi.

Ƙarfe biyar na hau da shayi, na tarar ta ɓata shimfiɗa.

Na wanke zanen gado. Na wanke rigarta. Na fitar da katifa baranda, na shimfiɗa mata ta ɗakin baƙi. Duk tsawon lokacin fuskarta na bango. Na ce, ke kuwa ga madanni a hannunki, mene ne amfaninsa? Na faɗa da ƙarfi, na sani. Ta ce barci ne ya ɗauke ta.

Shayin ya huce a kan kujera. Ba wanda ya sha.

Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na kama ɓarawon. Ina zaune na ga farin walƙiya ya haska bangon da ke fuskantar shago, kafin in ƙifta ido jar fitila ta kama. Na jira. Walƙiya, fitila. Walƙiya, fitila. Mai walda ne na jikin katangarmu. Jiya ya tafi aikin ƙofa a wani gini, shi ya sa aka samu lafiya. Duk lokacin da ya ɗora ƙarfe, allon nan sai ya ce Malama na kira.

Na fita na same shi. Ya ɗage gilashin fuskarsa ya ce Baba Mai Waya barka da hantsi. Na ce ba barka ba ce ta kawo ni. Na faɗa masa kwana tara ina hawa da sauka saboda injinsa. Ya yi dariya, sannan ya ga fuskata ya haɗiye ta. Ya ce shi dai ba zai iya rufe sana'a ba, amma in da abin da zai taimaka in faɗa. Har ya ƙara da cewa ƙararrawar tana da kyau, yana jin ta tun daga nan ko injin yankan ƙarfe na aiki.

Ban tambaye shi abin da yake ji ba. Ya cika ji, mutumin nan. Shi ne ya shigo shagona ranar Talata da gudu, ba sallama, ya kama ni a kafaɗa. Ta tagar sama ya jiyo kiran Malama, in ji shi. Ni kuwa ina ƙarƙashin ɗakin, siminti ɗaya ne tsakaninmu.

Na ce ba zan rubuta ba.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Auta ta kira, na kai wa uwarta wayar na sa a lasifika. Ta ce ta kwashe kaya daga ɗakin da ke kusa da nata, an kawo gado mai tashi da kwanciya. Tana faɗa kamar labarin farin ciki. Na ce ai ranar ba ta yi ba. Ta ce Baba saƙo hamsin da wani abu, duk na ƙarya, ta ina za ta gane na gaskiya? Na ce na gano dalili, saura gyara.

"Awa uku, Baba," ta ce. "Awa uku tana kwance a ƙasa."

Na ajiye wayar a kan filo na tsaya bakin taga. Na dai ga bakin Malama na motsi, sai na matso. Cewa take, ubanki yana zuwa, yana zuwa har ya ishe ni, ko motsi na yi sai in gan shi a kaina yana huci kamar injin niƙa.

Ko godiya ban yi mata ba. Haushin kowa nake ji.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Saura mako ɗaya.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Kwana biyu ina fama. Na ce tunda doguwar wayar ce ke kwaso hayaniyar walda, bari in rufe mata kunne. Na murɗa wayoyin biyu kamar igiya. Bai hana ba. Na naɗe su da takardar gwangwani tun daga shago har sama. Bai hana ba. Na ɓalle su daga jikin katangar mai walda na bi da su ta ɗaya ɓangaren, na fasa bango wuri biyu, ƙura ta cika gida. Walƙiya, fitila.

Da haushi ya kai ni maƙura na fizge wayar gaba ɗaya daga ƙafa ta goma sha bakwai. Na bar ta tana lilo. Ba madanni, ba waya, ba komai. Mai walda ya ɗora ƙarfe. Fitila ta kama.

Na daɗe a zaune ina kallon ta. Layin da aka yanke ba ya ringin, wannan ko ɗan koyo ya sani. Na mayar da wayar da sauri don kada Malama ta nema. Amma abin ya tsaya mini a rai.

Talata, ƙarfe sha biyu na rana

Ban taɓa shi ba yau. Shi ma ya suma sau huɗu don kada in manta da shi.

Laraba, ƙarfe uku na rana

A ofishin tarho, layin da ba kowa a kansa ba a barin sa sake, sai ya riƙa kwaso maganar maƙwabta. Ɗaure shi ake yi da resista, ɗan abin nan mai rage ƙarfin wuta. Na ce bari in yi wa ƙafar nan haka, in ɗaure ta da ƙafa ta farko, wadda takarda ta ce wuta take bayarwa. Na kashe allon, na ɗauko resista, na kunna ƙarfen dalma. Kafin in liƙa, don sabo kawai, na sa mita tsakanin ƙafa ta farko da ta goma sha bakwai.

Sifiri.

Na goge bakin mita na sake. Sifiri. Ba komai a tsakaninsu, hanya ɗaya ce. Ƙafa ta goma sha bakwai ba kunne ba ce. Wuta take bayarwa, ita da ta farko uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya sa kullum uku da ɗigo uku, ko gezau. Mita ba ta yi ƙarya ba. Ni ne ban tambaye ta abin da ya kamata ba.

Na ɗauki hoton. Na tura.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Ya kira kafin in ajiye wayar. Ya yi ta kame-kame, Baba ka yi haƙuri, laifina ne, ban yi bayani ba. Na ce ya bar haƙuri ya yi magana.

"Baba, sha bakwai ɗin suna ne, ba ƙirga ba. In ƙirgawa za a yi, ita ce ta goma sha ɗaya."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Wai kowace ƙafa lamba biyu gare ta, ɗaya ta inda take tsaye, ɗaya ta sunan da aka raɗa mata a cikin ƙwaƙwalwar allon, su masu rubuta umarni da sunan suke kira. Na ce wane irin gida ne za a haifi ɗa na goma sha ɗaya a raɗa masa suna Sha Bakwai, alhali na goma sha bakwai ɗin yana nan da ransa a tsakar gida? Na ce a zamaninmu wanda ya yi wannan a kebul korar sa ake yi. Na faɗi abubuwa da yawa. Ya yi ta cewa gaskiya ne Baba.

Wato kwana goma sha biyar ainihin kunnen yana can a sake, ba waya a jikinsa, yana sauraron walda da duk abin da ya gifta a titi. Madannin Malama kuwa na haɗa shi tsakanin wuta da ƙasa. Ya ce tsawon wayar ne kaɗai ya hana allon ƙonewa, shi ya sa yake suma kawai ya tashi.

Na ce dakata. Yaushe yake suma?

Ya ce duk lokacin da aka danna.

Ya ce allon yana rubuta lokaci duk sadda ya farfaɗo, yana iya gani daga can. Na ce ya turo. Ya ce Baba ba sai ka gani ba. Na ce turo.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Sau saba'in da huɗu ya suma, ban da nawa na ranar farko.

Larabar makon jiya: uku da minti biyar. Uku da minti bakwai. Uku da minti tara. Uku da sha biyu. Haka har sau goma sha ɗaya. Na ƙarshe uku da arba'in. Daga nan ba ta ƙara ba.

Ina nan zaune, na juya masa baya, ina gyaran dutsen guga.

Wai barci ne ya ɗauke ta.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Na mayar da waya ƙafa ta goma sha ɗaya, na ɗaure ta da resista. Minti huɗu. Na kira mai walda na ce ya je ya ƙona duk ƙarfen da yake da shi. Ya yi ta walƙiya rabin awa, fitila ko motsi. Sannan na tsayar da shi a gaban allon na hau na danna sau goma. Sau goma ta kama, koriyar wuta ba ta ƙifta ba. Ya leƙo ta matakala yana ɗaga mini yatsa. Na ce masa na gode. Na ce har da ta ranar Talata. Ya sunkuyar da kai ya ce ba komai Baba, ya koma aikinsa.

Injiniya ya turo saƙo, wai bai faɗa wa Auta maganar lissafin ba, ya bar mini. Yaron yana da kunya. Wannan ma haushi ya ba ni.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

In na yi shiru, gobe za ta zo ta danna, ta ga fitila, ta ga saƙo, ta koma da gadonta mai tashi da kwanciya. Ba wanda zai ce uffan.

Na hau na zauna a bakin gado, ta ɓangaren da nake kallon bakinta. Na ce saba'in da huɗu. Ta ce na mene? Na nuna madannin. Ta daɗe tana kallon silin. Na ce don me ba ki faɗa ba? Kina dannawa ba na zuwa, in zo ina yi miki ihu a kan wanda ba ki danna ba, ki rufe baki kwana goma sha biyar?

"Da na faɗa, da yanzu silin ɗin wasu nake kallo," ta ce. "Na ɗauka gani kake ka ce na ƙarya ne. Na ce gara in jira."

Na tashi na gyara labule, wanda ba abin da ya same shi.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Sun iso sha ɗaya. Auta ta gwada da kanta sau biyar, tana sama mijinta na ƙasa. Komai daidai. Na ga kafaɗunta sun sauka. Har ta fara zolayata, wai tsohon ma'aikaci ya kayar da Injiniya.

Na miƙa mata wayata da lissafin a buɗe. Na faɗa mata abin da lambobin ke nufi, da wanda ya ƙirga ƙafar, da wanda ya ƙi tura hoto. Tunda na fara na ƙarasa. Na ce ranar Talata ba rediyo ne ya yi ƙara ba kamar yadda na gaya mata. Ba abin da ke kunne a shagon. Kunnen hagu ya tafi tun bara, na dama yana haɗa kaya.

Ban taɓa ganin ta haka ba. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta buɗe kabad ta fara zuba kayan uwarta a jaka tana magana, maganar da duk gaskiya ce, ɗaya bayan ɗaya, ba inda zan sa baki. Mijinta ya maƙale a jikin ƙofa kamar a bango aka zana shi.

Sai wayarta ta yi ƙara a hannunta. Ta duba ta ci gaba. Ta sake yin ƙara. Ta sake. Ta juyo. Malama na kwance, babban yatsa a kan madanni, tana dannawa a natse kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Sai da Auta ta rufe baki sannan ta ɗaga yatsan.

"Na kira, ga shi a tsaye," ta ce. "Mayar mini da kayana."

Auta ta ce Mama, awa uku. Malama ta ce ita ce ta kwanta a ƙasan, ta fi kowa sanin awa nawa ne.

An daɗe. Ƙarshe dai jakar ta koma kabad, amma ba kyauta ba. Litinin Auta za ta kai ni asibitin kunne da kanta, duk abin da suka ce in saƙala zan saƙala. Mai jinya za ta riƙa kaiwa ƙarfe biyu. Injiniya zai ƙara fitila a kicin da wata a bayan gida, ya kuma rubuta mini lamba biyu na kowace ƙafa, da hannunsa, a manna a bango. Mai walda ya karɓi mabuɗi. Gado mai tashi da kwanciya nan za a kawo shi. In aka sake ko sau ɗaya, ba sai an yi shawara da ni ba.

Na ce na ji. Ta ce ka tabbata? Ban ga abin dariya ba, amma uwarta ta gani.

Lahadi, ƙarfe goma da minti ashirin na safe

Fitila ta kama. Matakala goma sha huɗu. Na same ta a kishingiɗe, ruwa na gefenta, rediyo na yi, filo daidai. Na ce me ake so? Ta ce ba komai. Na ce to don me kika danna, kin san halin gwiwar nan.

Ta ce, "Saura saba'in da uku."